Her ɗin da ta goge wayar amarya

Abin ya faru ne bara kafin azumi, tun lokacin nake cewa zan zauna in rubuta shi saboda 'yan'uwana masu koyar da Turanci sai yanzu Allah ya yi. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a nan Kano, shekarata 11 da alli a hannu, amma wallahi abin da yaron nan ya nuna min ban taɓa jin shi a aji ba lokacin da nake karatun koyarwa. Ɗan yayata ne, shi ne autanta, kowa Auta yake ce masa har sunan yankan ya kusa ɓacewa, to a nan ma Auta zan ce.

Auta yana da shekara 21, ya gama sakandare ya zauna WAEC sau biyu, Lissafi yana cinyewa lafiya lau amma Turanci D7 duka biyun. Duk wanda ya san tsarin ya san kiredit daga A1 ne zuwa C6, D7 kuwa sunanta an ci amma ba ta kai ka ko'ina, don babu jami'ar da za ta dube ka in ba ka da kiredit biyar har da Turanci. Da zaman gida ya ishe shi sai uwar ta kai shi wajen wani mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre, yana tsaron shago yana karɓar gyara yana kai wa masu gyaran. Yaro ne mai kai, ya san kuɗin kowane sikirin da kowane batir ba tare da ya duba littafi ba, kuma Turancin kasuwa bai gagare shi ba, yana ciniki da Inyamurai da Yarbawa da 'yan bautar ƙasa kullum.

Ranar da abin ya faru wani mutum ne ya zo da waya biyu, tasa da ta amaryarsa. Tasa ta cika maƙalewa, ya ce ya kwashe abin da yake so a goge ta gaba ɗaya ta dawo kamar sabuwa, ta amaryar kuma bakin cajinta ne ya lalace a canza. Mai gyaran da shagon ke mu'amala da shi ɗan kudu ne ba ya jin Hausa sosai, teburinsa kuma yana can wani layi, sai Auta ya ba wani ƙaramin yaro wayoyin ya kai, shi kuma ya tura saƙo ta WhatsApp. Na ga saƙon da idona daga baya, ga abin da ya rubuta: "One man bring two phone, for him and her wife. Format her phone, the other one change charging port." Mai gyara ya karanta, ya dubi wayoyi, ɗaya da baƙar riga ɗaya da riga mai furanni, ya ɗauki mai furannin ya goge tas. Hotunan biki, lambobin dangi, komai. Aka yi ta rigima har yamma, mai shago ya ba da haƙuri ya yafe kuɗin gyara ya kuma ce zai cire a albashin Auta, wasu hotunan an samo su wajen ƙawayenta da mai hoto, wasu kam sai haƙuri.

Da daddare yayata ta kira ni tana faɗa, wai ga ka nan malamin Turanci guda ɗanka yana zubar mana da mutunci a kasuwa, sai ka ce ni na tura saƙon. Muka yi da ita zai riƙa zuwa gidana Asabar da Lahadi bayan la'asar, ladan lesin ɗin kuma ta ce ita za ta biya da dambun nama da fanke, haka kuwa aka yi, kula ɗaya tana zuwa tana komawa.

Da farko na ɗauka sakaci ne kawai irin na mai sauri a waya. Abin da ya sa na yi shakka shi ne Bahaushe ba ya cika rikita his da her. Wanda ke fama da wannan yawanci wanda harshensa bai raba namiji da mace a lamiri, wato kalmomi irin su shi da ita, ba ne, Bayerabe zai ce ilé rẹ̀ ko gidan na namiji ne ko na mace, Inyamuri zai ce ụlọ ya, a burokin ma im ɗaya ce take wa kowa aiki. Mu kuwa muna da gidansa muna da gidanta, yaro ɗan shekara uku ba ya kuskuren wannan. To me ya kai Auta? Kuma wannan "her wife" ɗin da ke cikin saƙon ita ta fi tsaya min a rai, don wanda ya yi kuskuren sauri ba zai yi shi sau biyu a layi ɗaya kuma duka ta fuska ɗaya ba.

Ranar farko ban koya masa komai ba, jimla 20 na rubuta da Hausa na ce ya juya min su Turanci, na cakuɗa su da gangan. Gidansa ya rubuta his house, daidai. Jakarta ya rubuta her bag, daidai. Motarsa ya rubuta her car. Littafinta ya rubuta his book. Uwarsa her mother, mijinta kuma, Allah ya ba mu haƙuri, his husband. Na jera takardar na dinga kallo, sai na ga ai babu ko ɗaya da ya yi da ka, ƙa'ida yake bi tsaf kuma bai saɓa mata ko sau ɗaya ba, in abin da aka mallaka namiji ne ya sa his, in mace ne ya sa her, mai abin kuwa ko oho. Waya mace ce a Hausa, saboda haka wayar kowa her phone ce a wajensa, har ta limamin unguwa.

Na ce Auta wa ya koya maka haka? Ya ce Kawu ai haka yake a littafina. Sati na gaba ya zo da wani tsohon littafin rubutu na ƙaramar sakandare duk ya yi jawur, ya buɗe min shafin. Malamin nasu ya yi ƙoƙari ma ya sa musu fassara, ya rubuta his shi ne nasa, her shi ne tata. Shikenan. Ba ƙarya ya rubuta ba, amma rabi ya rubuta, don a Hausa wannan wurin kalma huɗu ne ba biyu ba, akwai nasa da tasa da nata da tata. Ya ɗauko biyun da kai da gindi suka zo jinsi ɗaya ya bar biyun da suke gauraye, yaro kuma ya kalli nasa da tata ya ga bambancin da ya fi fitowa shi ne na da ta na farko, ya riƙe a ransa na shi ne his, ta shi ne her. Da ya ci karo da tasa sai ya ga ta a gaba ya ce her. Shekara kusan takwas yana kan wannan, malamai nawa suka ja masa jan biro a ƙarƙashin kalmar, har da ni nan da na sha duba masa aikin gida, babu wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa wani lokaci yake daidai wani lokaci ba daidai ba.

A nan ne na gane abin da ya kamata in sani tuntuni. Mallakar Hausa aiki biyu take yi lokaci guda, kan kalmar yana kallon abin da aka mallaka, wutsiyar tana kallon mai abin. A tasa, ta ɗin na waya ne, sa ɗin na mutumin. Ko a gajeriyar mallaka haka ne, -r ɗin da ke wayarsa ai ta ce ta gajarce, -n ɗin gidansa kuma na ce, shi ya sa za ka iya cewa wayar nan tasa, gidan nan nasa. Turanci kuwa aiki ɗaya kawai yake yi, mai abin yake kallo, ba ruwansa da ko mota ce ko gida ko matar aure ko wayoyi goma. Wato ba wani abu ne ya yi wa Auta ƙaranci ba, kayan da ya shigo da su ne suka yi wa ɗakin yawa.

Sai na ɗauko kwali na yanka ƙanana na rubuta kalmomin huɗu da manyan baƙaƙe, na ce ya ɗora babban yatsansa a kan gaɓar farko ya rufe ta ya karanta min abin da ya rage. Tasa ta koma sa. Nata ta koma ta. Na ce to wannan ragowar ita Bature yake so, sa his, ta her, kan kuwa ka bar shi a gida. Ya yi shiru yana kallon kwalin sannan ya ce Kawu kenan wayarsa his phone ce? Na ce ƙwarai. Ya dafe kai ya ce innalillahi, ashe ni na ce a goge.

Abin da ya ƙara zaunar da shi kuma ba daga wajena ya fito ba. Shi ya yi Islamiyya sosai fiye da ni, muna cikin yi sai ya ce ai kamar Larabci ne, kitabuhu da kitabuha, littafin bai canza ba mai shi ne ya canza, kuma zaujatuhu ake cewa duk da matar mace ce. Na ce ka ga ka fi ni misali. Daga ranar in ya rikice ba na cewa komai sai dai in ce hu ne ko ha, ya yi dariya ya gyara. Ni ban taɓa tunanin haɗa darasin Turanci da allon Islamiyya ba, alhali rabin ajina sun fi sanin damirin Larabci a kan na Turanci.

Zan ɗan kauce a nan don abin yana ci min rai. Mun taso a makarantun da in ka yi Hausa a aji monita zai rubuta sunanka wai ka yi banakula a ci ka tara, har yau wasu makarantun kuɗi suna alfahari da wannan, alhali tsarin ilimi na ƙasa na 1977 cewa ya yi a fara wa yaro da harshen gida a farkon firamare. Wannan matsalar ta Auta babu yadda za a yi a gano ta da Turanci zalla, don tushenta a cikin Hausar yake. Kuma abin dariyar, a makaranta ɗaya malamin Hausa yana can yana koyar da doguwar mallaka da gajeriyar mallaka, ni ina nan ina koyar da possessive pronouns da possessive adjectives, yara ɗaya, sati ɗaya wani lokacin, amma ba wanda ya taɓa gaya musu abu ɗaya muke faɗa.

Wannan ɗin ma shi ya sa my da mine ba su ba mu wahala ba. Na ce masa gajeriyar mallaka ba ta tsayawa ita kaɗai sai ta jingina da suna, wayata, gidanmu, to haka my da our da their suke, dole suna ya biyo su. Doguwar kuwa tana tsayawa da ƙafarta, wannan tawa ce, wancan namu ne, su ne mine da ours da theirs. Minti goma ya kama. Matsalar da ta rage ita ce my own ta kasuwa, don shi duk inda mine za ta shiga "my own" yake sawa, "this one is my own, that one is your own", kuma gaskiya a Najeriya kowa zai gane ka, ni ma ina faɗa. Na dai nuna masa a Turancin jarrabawa own nanatawa ce, my own shop shi ne shago na ƙashin kaina ba na oga ba, in kuwa tawa ce kawai kake nufi mine ta wadatar. Sati guda ya wuce gona da iri yana rubuta "mine phone", na bar shi, da kansa ya daina.

Inda na sha kunya shi ne sati na huɗu. Na ba shi ya rubuta min labarin wata waya da aka kawo gyara, sai ga shi ya rubuta "The phone fell down and her screen broke." Na ce Auta mun koma gidan jiya? Ya ce a'a Kawu, dokarka na bi, sikirin ɗinta, na rufe kai na duba wutsiya, ta ce, ka ce ta her ce. Wallahi gaskiyarsa. Dokar tawa ce ta haifi wannan kuskuren don na manta Hausa ba ta da jinsi na uku, komai a wajenmu ko shi ne ko ita, tebur shi, kujera ita, Kano ita, ruwa shi. Turanci kuma yana da it da its na abin da ba mutum ba, mu ba mu da gurbin da za mu ajiye su. Dole na ƙara masa tambaya ɗaya kafin a duba wutsiya, mai abin nan mutum ne? In ba mutum ba ne its, a wuce wurin. Ya ce to ragon layya fa, ai namiji ne ƙiri-ƙiri. Na ce a jarrabawa ka sa its ba wanda zai kama ka, masu kare da kyanwa a gida su suke ce musu he da she saboda sabo.

Its ɗin nan ita ta fi cin lokacinmu, kusan wata guda, kuma na lura har yanzu ba ta zo masa da kanta sai ya tsaya ya yi tunani. Don in kwantar masa da hankali na ba shi labarin cewa ita kanta its baƙuwa ce a Turanci, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta fara fitowa a rubuce, kafin nan his suke sa wa abu marar rai, har fassarar Baibul ta zamanin Sarki James da aka buga a 1611 haka ta yi. Ya ce ashe Turawan ma da irin nawa suke yi, na ce e amma su ba su goge wayar kowa ba.

Sai rigimar ɗan waƙafin nan na sama. Shi a tunaninsa tunda ana rubuta oga's shop da the man's phone, alamar mallaka kenan, saboda haka it's da her's da your's su ne daidai. Tunani ne mai kyau, su kansu Turawa sun daɗe suna rubuta it's a wurin mallaka kafin a tsayar da ƙa'idar yanzu, kuma har gobe in ka shiga Facebook za ka ga 'yan Ingila da Amurka suna wannan kuskuren. Na ce masa ka taɓa ganin an rubuta hi's? Ya ce a'a. Na ce to its da hers da yours da ours da theirs duk 'yan ɗakin his ne, babu mai ɗaukar waƙafi a cikinsu. It's mai waƙafi kuwa it is ce ko it has aka taƙaita, in kana shakka ka warware ta ka karanta, in "it is screen" ta fito ka san ka yi ɓarna. Wannan gwajin shi muka yi wa your da you're, da their da they're. There kuma na ce ya tuna here tana cikinta, nan da can.

Na matsa a kan waɗannan ƙananan abubuwan ne saboda na san yadda ake makin insha'i a WAEC. Maki 50 ne, 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, kuma a wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki ake cirewa, kuskure 20 ka tashi da sifiri a wurin. Ana son kalma 450 aƙalla, yaron da his da her da its suke kufce masa a kowane layi kafin ya kai tsakiyar shafi ya gama zubar da goman nan, kuma ya taɓa makin harshen ma. Ga wasiƙar ofis, da yawa suna rufewa da "Your's faithfully" ko "Your faithfully", shi Auta na farkon yake yi. Na ce masa ai naka ce, kamar yadda muke rufe wasiƙa da naka har kullum, doguwar mallaka ce, Yours da babban baƙi, faithfully da ƙarami, sai waƙafi a ƙasa.

Your kuma wata irin damuwa ta ba shi da ban zata ba. Mu muna da naka da naki da naku, shi kuma Turanci your ɗaya tal, namiji mace mutum ɗari. Rannan zai tura wa wata Hajiya kwastomarsu saƙo, matar ta haifi uwarsa, ya ce Kawu in na rubuta "your phone is ready" ba raini a ciki? Don a bakinsa ba zai taɓa ce mata wayarki ba, sai dai wayarku ko wayar Hajiya. Na ce babu raini, girmamawar Bature ba a lamiri take ba, a please take da ma da yadda ka gina maganar. Da can suna da thy da thine na mutum ɗaya, your ta jam'i ce kuma ita ake yi wa manya kamar ku ɗinmu, a hankali ta cinye ɗayar, wato in an bi asali yanzu kowa ku ake ce masa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Akwai guda biyu da har muka gama ban ce na ci nasara a kansu ba. Na farko gaɓoɓin jiki da kayan sawa, mu muna cewa ya wanke hannu, ta karya ƙafa, cire takalmi, ba sai an ce na wa ba don an sani, Bature kuwa sai ya ce his hands, her leg, your shoes, sai ka ce akwai mai wanke hannun maƙwabci. Auta yana rubuta "he wash hand" in yana sauri har yau. Na biyu shi ne "this my friend" da "one my friend". Abokin nan nawa da wani abokina Hausa ce tsararriya, kuma a Turancin Najeriya "this our country" ta zauna daram, har manya a talabijin suna faɗa. A ƙa'idar jarrabawa my ba ta haɗuwa da this ko a ko one a gaban suna ɗaya, sai ka zagaya ka ce this friend of mine, a friend of mine. Na nuna masa abokin nan nawa ma ai doguwar mallaka ce a ƙarshe, daidai da of mine, ya gane a takarda, amma a baki ina, "this my oga" ce dai. Ban takura ba, na ce a rubutu kawai nake bin ka bashi.

Yadda muke yin aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Na daina ba shi jimlolin littafi irin na cike gurbi don na ga yana cinye su amma ya fita ya ci gaba da kuskurensa, sai na ce duk saƙon Turanci da ya tura a sati kar ya goge, ranar Asabar mu buɗe WhatsApp ɗinsa mu bi ɗaya bayan ɗaya, shi zai nemo kuskuren ba ni ba. Wani lokaci in zuba wayoyi da makullai da hula a tabarma in kira yarana su zauna, in ɗaga abu in ce whose is this, ya amsa da sauri ba tunani, it's hers, it's his, it's theirs, in ya yi kuskure 'yata ƙarama ta ƙwace fanke ɗaya daga rabonsa. Ita ta fi kowa son lesin ɗin. Na lura kuma kuskuren yana dawowa ne a wuri ɗaya, sunayen dangi, her mother a maimakon his mother, his brother a maimakon her brother, saboda a nan jinsin abin da aka mallaka na gaske ne ba na nahawu ba, uwa dai mace ce kana ganinta, hankali sai ya tafi kanta. Mota da waya sun gyaru a wata ɗaya, uwa da miji sun kai wata uku.

Wata huɗu muka yi, daga baya ya yi rajistar WAEC ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Ba zan ce mallaka kaɗai muka yi ba, mun taɓa lokutan aiki da taƙaita labari da sauransu, don haka ba zan ɗora sakamakon duka a kan his da her ba. C6 ya samu. Uwar ta yi guɗa kamar A1 ce, shi kuma yanzu JAMB yake shiri, Turanci dole ne a can ma tambaya 60. Yana nan a shagon, mai shagon bai kore shi ba, sai dai yanzu duk wayar da aka kawo sai ya manna mata farin tef a baya ya rubuta aikin da za a yi da biro, ya ce ko Turancinsa ya kai na Sarkin Ingila ba zai ƙara yarda da saƙo kaɗai ba.

Ni kuma a ajina na SS1 na gwada jimlolin nan 20, na samu yara uku masu irin ƙa'idar Auta sak, sauran kuskurensu daban ne, its ce ta fi kayar da su. Na je wajen malamin Hausa na roƙe shi ranar da zai yi mallaka ya gaya min in biyo bayansa, ya kalle ni kamar na zo neman rance sannan ya ce to.

Shekaranjiya da safe saƙon Auta ya shigo, da Turanci, don yanzu da gayya yake min. "Kawu good morning. My mother said the cooler in your house is hers, not yours, and its cover too. Please return it." Na karanta sau biyu ina neman inda zan ja jan biro ban samu ba. Kular tana nan a kicin tun ranar lesin na ƙarshe, murfin ne dai ban san inda yara suka kai shi ba.